In Ba Shi Takardata Ya Kwafa, Ko In Hana Shi?

Ƴan uwana ɗalibai, duk wanda ya shiga ajin fizik na shekarar farko ya san daren Lahadi. Gobe Litinin za a karɓi aikin mako, kai ka gama naka, sai ga abokinka a bakin ƙofa yana cewa: "Mutumina, don Allah ara mini takardarka, minti goma kawai." Ni an sha yi mini haka, kuma na sha bayarwa. Tambayar da ta dame ni ita ce: in na ba shi, taimako na yi ko cuta? In na hana, gaskiya na riƙe ko rowa ce kawai na yi wa ado?

Bari mu fara da hujjar mai bayarwa, don ba ƙarama ba ce. Abokin nan nawa ba rago ba ne. Da rana yana aji, da yamma yana kabu-kabu don ya samu na abinci, in ya dawo ɗaki kuma sau da yawa an ɗauke wuta. Ni kuwa ina zaune gidan kawuna, ina tarar da tuwo a rufe. To da wane ido zan dube shi in ce a'a? An tashe mu a kan cewa abin da ke hannunka, ɗan uwanka yana da rabo ciki.

Amma fizik tana da wani hali. Darasin wannan mako a kan na makon jiya yake zaune. Sai ka iya rarraba vekta kafin ka gane motsi, sai ka gane motsi kafin ka shiga dokokin Niwton, daga nan a kai ka ga aiki da makamashi. Wanda ya tsallake mako ɗaya bashi ya ci, kuma mako mai zuwa zai zo da nasa.

Ga abin da ya faru da mu. An ba mu lissafin guga mai kilo 10 da ake ja daga rijiya. In tana hawa da gudu ɗaya ba ƙari ba ragi, ƙarfin da ke kan igiya daidai yake da nauyin gugar, wato 10 sau 9,8, niwton 98. In kuwa gudunta yana ƙaruwa da mita 1 a sakan cikin kowane sakan, sai ya zama 108. Na yi, ya kwafa, mu biyu muka samu maki mai kyau. Ranar jarrabawa malam ya kawo guga ɗin nan dai, sai dai yanzu sauka take yi, gudun yana ƙaruwa. Amsa 88 ce. Abokina ya rubuta 108, don lambar ya riƙe, bai taɓa zana gugar da hannunsa ya ga wane ƙarfi ke ja sama, wane ke ja ƙasa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sai a ranar na gane abin da nake ba shi duk Lahadi. Ina ba shi amsa, ina ɗauke masa sa'a biyun da mutum ke yi yana kuskure, yana gogewa, yana sakewa. A cikin wannan wahalar ake koyon fizik. Aikin mako an yi shi ne don ka yi kuskurenka a lokacin da kuskure yake da araha. Kuma akwai mutum na uku da muka yaudara: malam. Ya ga takardu masu kyau, ya ɗauka aji ya gane, ya wuce gaba. Ta haka muka cuci har waɗanda ba su kwafa ba, masu jiran a sake bayani.

Wani zai ce: mi ya yi zafi, ai maki ne kawai. To, da yawa daga cikinmu gobe su ne za su koyar a lise, wasu su haɗa wayar wuta, wasu su kafa famfon rana a ƙauye. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, masanin fizik ne da ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin rana. Aiki irin nasa yana buƙatar mutumin da zai iya lissafi a inda babu takardar kowa da zai leƙa.

Duk da haka ban ce a rufe ƙofa ba. Wanda ya ce "a'a" ya juya ya kwanta, ya tsare takardarsa ne kawai, bai yi wa kowa alheri ba. Na ma lura cewa miƙa takarda shi ya fi mini sauƙi: minti goma, na rabu da shi, kuma ana ce mini mutumin kirki. Abin da ke da tsada shi ne lokacina, shi ne kuma nake ɓoyewa.

Yanzu mun canza. Ranar Alhamis da Asabar bayan sallar isha'i muna zama mu huɗu, kamar adashi, kowa ya zo da abin da ya gwada ko da shirme ne. Ƙa'ida ɗaya ce: bik yana hannun mai tambaya, mai bayani baki kawai yake sawa. A daren da muke zama abokina yana rasa kuɗin fasinja biyu ko uku, ni ma ina rasa hirar fada. Makon da bai samu gamawa ba, yana miƙa rabin aikin da ya yi da kansa. Makinsa na mako ya ragu, wannan gaskiya ne, kuma yana yi masa ciwo. Amma jiya na ga ya zana guga da kibiyoyinta biyu kafin ya taɓa ko lamba ɗaya.