Wayar da ka saya, taka ce duka?

A cikin ramin cajin wayoyin Android na da akwai siraran ƙarafa biyar. Biyu na wuta ne, biyu na saƙo, na biyar kuwa shi ke shaida wa waya matsayinta. Idan aka soka mata kebur ɗin OTG, wanda tsarinsa ya fito tun 2001, sai ta daina jiran kwamfuta ta ba ta umarni, ita ce ma za ta fitar da wuta bolt 5 ta karanta filashi ko ta karɓi kibod. Sai dai akwai wayoyin da kayan cikinsu na iya wannan aiki amma kamfani bai buɗe ƙofar ba a kenel, wato cibiyar manhajar da ke magana da ƙarafan waya. Nexus 4 da LG ya ƙera wa Google a 2012 haka ta fito. Masu ilimin abin suka gyara kenel ɗinta ta fara karanta filashi, ko da yake sai an haɗa da kebur mai reshe biyu a jawo wuta daga waje. Tambayar a nan ta fiƙihu ce: wanda ya biya kuɗin waya, yana da ikon buɗe abin da maƙeri ya rufe?

Mutumin Darini, a ƙaramar hukumar Batsari, ba zai ɗauki wannan tambaya a matsayin hirar 'yan boko ba. A Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Batsari da Safana, aka yi watanni a haka. Wayar da ba sabis kuwa darajarta ta rage ga abin da ke cikinta da abin da za a iya zuba mata da hannu: karatun tafsiri a memori, hoton takardar asibiti, darasin ɗalibi a filashin malaminsa. A irin wannan hali wayar da ke karanta filashi ta fi 'yar'uwarta nesa ba kusa ba, kuma mai ita bai roƙi kowa izini ba.

Ina ganin ikon na mai saye ne, kuma hujjar tsohuwa ce. Malamai sun kawo labarin Abdulwarisi ɗan Sa'idu da ya tambayi malaman Kufa uku game da ciniki mai sharaɗi. Abu Hanifa ya ce ciniki da sharaɗin duk sun ɓaci. Ibnu Abi Laila ya ce ciniki ya yi, sharaɗi ya faɗi, ya kafa hujja da Barira, baiwar da Nana A'isha ta so ta saya ta 'yanta, masu ita suka ce sai dai wala'inta, wato haƙƙin gadonta bayan 'yanci, ya zauna gare su, Annabi (SAW) ya soke sharaɗin. Ibnu Shubruma ya ce duka biyun sun yi, don Jabir ya sayar wa Annabi raƙumi bisa sharaɗin zai hau shi har Madina. Mazhabar Malikiyya, wadda malamanmu na zaure ke karantarwa, ta tattara hadisan ta rarrabe: sharaɗin da ke taimakon ciniki ko bai cutar da shi ba ya halatta, wanda kuma ya ci karo da manufar mallaka, kamar a sayar maka da abu a ce kada ka sayar kada ka kyautar, ba a yarda da shi ba. Wanda ya sayar maka da gida ya karɓi kuɗinsa cif ba ya da ta cewa idan ka ɓalle ƙofar ɗakin da ya bari a kulle.

Za a ce ai ƙarfen ka saya, manhaja kuwa aro ce bisa yarjejeniyar da ka danna ka amince, kuma Musulmi yana kan alkawarinsa. Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba, kuma tana aiki a kan manhajojin da kamfani ya rubuta da guminsa. Amma kenel ce ake magana, ita kuwa ba Tecno ne ya haife ta ba, ba Samsung ba. Kenel ɗin Android ta Linux ce, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, kuma tana ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba duk wanda ya karɓe ta damar karantawa da gyarawa, ya kuma wajabta wa mai rarraba ta ya bayar da asalin rubutunta. Kamfani da kansa a kan wannan sharaɗi ya ɗauka kyauta. In ana batun cika alkawari, shi ya kamata a fara tambaya. Abin da yake da haƙƙi a kai shi ne garanti: ya ce in ka taɓa, ba ruwana da gyara. Wannan sharaɗi ne mai ma'ana, don ba a tilasta wa mutum ya biya ɓarnar da wani ya yi da hannunsa. Ko a Amurka, inda dokar haƙƙin mallaka ke da tsauri, an halatta wa mai waya ya buɗe wayarsa tun 2010.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi a yankin da ke maƙwabtaka da dajin Rugu shi ne na ɓarna. Hannun da ya iya buɗe kenel shi ne ya iya goge wayar sata, ya canza mata lambar IMEI ta ɓace wa mai ita da jami'an tsaro. Gaskiya ne. Sai dai haramcin can daga sata da taimakon ɓarawo ya taso, kuma yana nan daram ko da kamfani ya bar kowace ƙofa a buɗe. Da za a hana ilimi don wani zai ɓata shi, da an kulle rumfunan gyara na kasuwar Farm Centre a Kano gaba ɗaya, alhali su ke rayar da wayar talaka shekara da shekaru bayan kamfani ya manta da ita.

Inda nauyin addini ya sauka sosai shi ne a kan mai gyara da mai sayar da wayar hannu. Buɗe makullin waya yakan share duk abin da ke cikinta, kuskure ɗaya na iya kashe ta ɗungurungum, wasu manhajojin banki kuma sukan ƙi tashi a wayar da aka buɗe. Mai gyaran da ya karɓi wayar dattijo bai faɗa masa haka ba ya ci amana, kuma a Malikiyya mai sana'ar da ke karɓar kayan jama'a yana lamunin abin da ya lalace a hannunsa. Wanda kuma ya gyara kenel ɗin wayarsa sannan ya kai ta kasuwar Batsari, wajibi ne ya shaida wa mai saye cewa an taɓa ta, garanti ya faɗi, kuma mai yiwuwa manhajar bankinsa ba za ta buɗe ba. In ya ɓoye, mai saye na da damar dawo masa da ita ya karɓi kuɗinsa.