Niyya da Hannu: Aikin Wane Ne Abin da Na'ura Ta Zana?

A shekarar 2022 wani Ba'amurke mai suna Jason Allen ya ci gasar zane a bajekolin jihar Kolorado da wani hoto da ya samar da manhajar ƙirƙirarriyar basira mai suna Midjourney. Amma da ya nemi hukumar haƙƙin mallaka ta Amurka ta rubuta hoton da sunansa, yana kafa hujja da cewa sai da ya gyara umarninsa ga na'urar sau 624 kafin ya yarda da abin da ta fitar, sai hukumar ta ƙi a 2023, ta ce sashen da na'ura ta zana ba a jingina shi ga ɗan Adam.

Wanda ya ɗan zauna gaban malaman tauhidi zai gane cewa mas'alar tsohuwa ce. Imam Ash'ari da mabiyansa sun tafi a kan cewa halittar ayyuka ta Allah ce Shi kaɗai, abin da bawa ke da shi kuwa shi ne kasabi, wato haɗuwar zaɓinsa da ikonsa da aikin a lokacin aukuwarsa, kuma da wannan ne ake yaba masa ko a zarge shi. To, ina kasabin Allen? Niyya dai yana da ita, haƙuri ma ya yi. Sai dai attajirin da ya kai wa maɗinki yadi, ya ce a yi masa aska takwas, ya mayar da rigar sau goma har ta yi masa, ko da yake rigar tasa ce halal, babu mai hankalin da zai kira shi gwanin ɗinki.

A ganina laifin ba na mai amfani da na'urar ba ne, na waɗanda suka tsara ta ne. Galibin kayan ƙirƙirarriyar basira an gina su ne a kan ɗan akwati guda inda mutum zai rubuta buƙatarsa ya jira, kuma da yake kowane zane daga wata ƙuri'a ta lissafi yake farawa, kalmomi iri ɗaya sukan haifar da hotuna mabambanta. Saboda haka mai zanen da ya shekara ashirin yana koyon inda inuwa ke faɗuwa a fuska, in ya so gyara ido ɗaya, sau da yawa sai fuskar duka ta sauya masa, ya koma mai roƙo a ƙofar abin da aka ce kayan aikinsa ne. Abin da ma'abucin sana'a ke buƙata, ko mai zane ne, ko makaɗi, ko marubuci, shi ne na'urar da za ta karɓi zanen hannunsa ta tsaya a kan iyakar da ya shata mata, ta taɓa wurin da ya nuna kaɗai, ta bar shi ya warware in bai gamsu ba, sa'an nan ta adana bayanin abin da ya yi da abin da ta yi. Marubutan fina-finan Amurka, bayan yajin aikin kwana 148 a 2023, kusan haka suka samu a yarjejeniyarsu: ba a tilasta wa marubuci amfani da na'urar, ba a kuma ɗaukar ta a matsayin marubuciya.

Saura batun amana, wanda ya fi nauyi. Waɗannan na'urori daga ayyukan mutane suka koya. Rumbun LAION-5B kaɗai ya ƙunshi adireshin hotuna fiye da biliyan 5 da aka tattaro daga intanet ba da izinin masu su ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta zartar cewa haƙƙin mawallafi abin kiyayewa ne a shari'a, bai halatta a keta shi ba. Malaman hadisi kuwa tun can ba su karɓar magana sai da isnadi, wato sai an jingina ta ga mai ita. Kamfanin Adobe ya ce ya horar da manhajarsa ta zane mai suna Firefly da hotunan da yake da lasisinsu da waɗanda haƙƙinsu ya faɗi, wannan kuwa ya nuna horar da na'ura ba tare da keta haƙƙi ba mai yiwuwa ne, sai dai tsada.

Don haka ina kira ga injiniyoyi da su zauna da masu sana'a tun kafin su ɗora harsashi, su tambaye su inda suke son hannunsu ya tsaya, su kuma biya waɗanda aka koya daga ayyukansu.