Littafin Zanen Ɗana Da Amsar Ibn Abbas

'Yan'uwa, yau ba tambayar wani zan amsa ba, mas'alar daga cikin gidana ta fito.

Ranar Talata na dawo daga kasuwar Kawo, sai na ga wani littafi a kan tabarmar ɗana mai shekara 15. Na buɗe. Ga gadar Kawo nan da fensir, ga motocin Zariya da Kano suna lodi a tasha, har da mai rake da baronsa. Wallahi sai da na zauna. Ni da ko layi ban iya ja daidai ba, wai ɗan cikina ne ya yi wannan! Na yi maza na ce Masha Allah, don kambun baka ba sai na maƙiyi ba, na uba ma yana kama ɗa.

Da na kai shafin ƙarshe sai na ga fuskar Hajiya, mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta. Har da tsagen kumatunta. Hawaye suka zo mini, tsoro kuma ya biyo baya. Sau nawa na karantar da hadisan da suka yi gargaɗi mai tsanani ga masu suranta abu mai rai? Saura kaɗan in yaga littafin nan.

Abin da ya riƙe hannuna shi ne ƙissar da Bukhari ya ruwaito. Wani mutum ya zo wajen Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya ƙara musu yarda, ya faɗa masa cewa da zane yake cin abinci. Ibn Abbas ya sanar da shi gargaɗin ba ɓoye-ɓoye, har fuskar mutumin ta canza. Amma bai sallame shi hannu rabbana ba, ya nuna masa ya riƙa zana itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Mu iyaye galibi rabin farko kaɗai muke riƙewa. Mu ce haramun ne, mu ƙwace fensir, shi kenan. Yaron kuwa ba dainawa zai yi ba, ɓoyewa zai koya.

Kuma a faɗi gaskiya, malamai sun yi saɓani. A wajen Malikiyya, abin da ya haramta shi ne sura mai jiki da inuwa, wadda gaɓoɓinta suka cika. Zanen takarda karhanci ne. Wasu malaman sun hana duka biyun. Ni na zaɓar wa gidana abin da ya fi nisa da shubuha, ban kuma ce wanda ya bi ɗaya fahimtar ya ɓata ba.

Bayan isha'i na kira shi. Ya shigo kansa a sunkuye, ya ce, "Abba, ka gani ko?" Na ce na gani, kuma Allah Ya yi maka baiwar da bai yi mini ba. Na ɗauko allon saukata na nuna masa zayyanar da ke jiki. Na ba shi labarin Sharu Bala Gabari na Kano, wanda Alƙur'anin da ya rubuta da hannunsa aka buga, ya shiga makarantun allo birni da ƙauye. Na yi masa alkawarin zuwa Arewa House ya ga rubutun magabata da idonsa.

Jiya na sayo masa tawada da takardu. Zanen Hajiya kuwa yana cikin akwatina. Ban rataye shi ba, ban kuma iya yaga shi ba har yanzu.