Haƙiƙanin Mutum a Fim ɗin Invasion of the Body Snatchers

Daga cikin mas'alolin da masana falsafa suka daɗe suna tafka muhawara a kansu akwai ta haƙiƙanin mutum, wato abin da ke sa a ce mutumin yau shi ne dai na jiya, duk da sauye-sauyen da jikinsa da tunaninsa suke yi. Fim ɗin Amurka mai suna Invasion of the Body Snatchers, wanda Don Siegel ya ba da umarni a 1956 bisa littafin Jack Finney, ya mayar da wannan mas'ala labarin tsoro. A ƙagaggen garin Santa Mira na jihar Kalifoniya, wasu manyan kwasfan tsiro da irinsu ya faɗo daga sararin samaniya suna fitar da kwafin jikin mazauna garin, su maye gurbinsu da zarar barci ya ɗauke su.

Kwafin ba shi da wata tawaya a zahiri. Wata mata mai suna Wilma ta shaida wa likita Miles Bennell cewa kawunta Ira ba shi ba ne, alhali ga shi can yana yankan ciyawa a ƙofar gida, da fuskarsa da muryarsa, yana kuma tuna duk abin da ya gabata tsakaninsu. Abin da ta rasa kawai shi ne irin kallon ƙauna da ya saba yi mata. A nan fim ɗin ya yi hannun riga da John Locke, masanin falsafar Ingila na ƙarni na 17, wanda ya jingina haƙiƙanin mutum ga saninsa da tunawarsa, domin ga tunawa cikakkiya amma mai ita ya tafi.

Hujjar waɗanda aka sauya ma tana da jan hankali, domin likitan ƙwaƙwalwa Kauffman, bayan ya zama ɗayansu, ya yi wa Bennell tayin rayuwar da babu so, babu buri, babu imani, saboda haka babu damuwa. Wasu manazarta sun fassara wannan da tsoron kwaminisanci, wasu kuma da zamanin Sanata Joseph McCarthy, lokacin da zargi ya tilasta wa jama'a bin yarima a sha kiɗa. Ko wace fassara aka ɗauka, hukuncin fim ɗin ɗaya ne: kwanciyar hankalin da aka saya da tausayi da imani asarar mutuntaka ce.