Aljihun da ya karkace

Ana saura kwana goma Sallah ƙarama na ɗauki shadda yadi biyar da wani tsohon kaftani da nake ji da shi, na kai wa telan unguwarmu. Na ce masa, "Malam, irin wannan sak nake so. Kada ka ƙara, kada ka rage." Daren Sallah na karɓo ɗinki, na sa, na tsaya gaban madubi, sai ga aljihun ƙirji a karkace, kamar an rataye shi da ƙusa ɗaya. Bayan Sallah na koma da faɗa a bakina. Bawan Allah bai ce mini uffan ba. Ya shimfiɗa tsohon kaftanin a kan teburinsa, ya ɗora sabon a kai, ya daidaita kafaɗa da kafaɗa. Aljihu ya hau kan aljihu, ko tsinke bai rage ba. "Yallaɓai," in ji shi, "ai abin da ka kawo ke nan." Shekara shida ina sa kaftanin nan, idona bai taɓa kai wa wurin ba.

Abin da telan ya yi a kan tebur, shi ne aikin da masu gina duniyoyin cikin kwamfuta suka ɗora wa na'ura. A irin waɗannan duniyoyi, kamar Second Life da kamfanin Linden Lab ya buɗe a 2003, ko wasannin da yara ke bugawa a gidan gem, babu hoton da aka ɗauka aka ajiye. Kwamfuta ce ke zana komai nan take, sau 30 ko 60 a daƙiƙa guda, kuma allo mai faɗin 1920 da tsayin 1080 ɗigo 2,073,600 ne a kansa. Injiniya zai taɓa layi ɗaya don ya gyara inuwar bishiya, sai ruwan wani tafki can nesa ya koma baƙi ƙirin. Manhajar ba za ta tsaya ba, ba za ta yi ƙorafi ba. A wurinta lissafi ya fita daidai. Wani kuskuren yakan tona kansa, kamar a Unity, wani injin gina wasanni, inda abin da fentinsa ya lalace ke fitowa da ruwan hoda mai kashe ido. Mafi yawa kuwa shiru suke yi sai mai saye ya gani.

An gani kuwa. A Nuwamban 2014 Ubisoft ya fitar da Assassin's Creed Unity, wasan da aka gina a kan birnin Paris na zamanin juyin juya halin Faransa. A kan wasu kwamfutoci fatar fuskar mutanen cikin wasan ta ɓace, ya rage ƙwayar ido da haƙora da gashi suna reto a iska. Hotunan suka karaɗe intanet, ga kuma wasu kurakuran, har sai da kamfanin ya ba da haƙuri ya kuma raba wani ƙarin ɓangare na wasan kyauta.

Ba mai iya ɗaukar ma'aikatan da za su zaga kowane lungu kullum, shi ya sa aka koma ga na'ura. Ana kafa kyamara a wuri guda, a tsayar da rana cak, a hana iska kaɗa ciyawa, a daskarar da igiyar ruwa, sannan a ɗauki hoto. Mutum ya duba ya ce ya yi, sai a ajiye shi a matsayin samfur. Masu sana'ar "hoton zinariya" suke ce masa. Daga nan, duk sanda aka taɓa manhajar, na'ura ta sake ɗaukar hoto daga wurin, ta ɗora a kan samfur ɗigo da ɗigo, ta shafa wa inda suka saɓa launi mai ɗaukar ido. Injin Unreal yana da irin wannan kayan aiki a cikinsa.

Matsalar farko, na'ura ba ta san kawaici ba. Katin hoto na Nvidia da na AMD ba sa zana gefen abu daidai wa daida, bambancin da ido ba ya gani, amma ita sai ta yi ta kururuwa. In an ba ta sassauci da yawa kuma, ɓarawo ya wuce ta gabanta tana gyangyaɗi. Tun 2004 wani masani mai suna Hector Yee ya wallafa wata hanyar awo da ke kwaikwayon idon ɗan Adam, don ta ƙyale abin da mutum ba zai lura da shi ba, kuma har yau ana ta gyara irin wannan ma'auni.

Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne samfurin kansa. Na'ura ba ta san kyau ba, kama kawai ta sani. In aljihu a karkace yake ranar da aka ajiye hoton zinariya, to kullum gwaji zai ce lafiya lau, kuma ranar da wani ya miƙe aljihun, shi na'ura za ta kama da laifi. Ga kuma halin ɗan Adam: an sauya hasken duniyar da gangan, hotuna ɗari uku sun saɓa da samfur, magariba ta gabato, sai a danna "na amince" a kan dukkansu ba tare da an buɗe ko goma ba. In akwai fuska marar fata a cikinsu, ta zama samfur ke nan. Shi ya sa tsarin Gold da Google ke gwada manhajar zanenta ta Skia da shi yake ajiye duk sabon hoto a gefe, sai mutum ya zo ya ce wannan daidai ne, wannan kuskure ne.

Telan nan, daga baya ya faɗa mini, tun yana yanka ya ga karkacewar. Ya yi shiru ne saboda na ce kada ya ƙara kada ya rage. Na biya shi kuɗin warware aljihun daga aljihuna, kuma bana da zan kai masa ɗinki, sai da na shimfiɗa samfurin a tsakar gida da rana tsaka, na kira uwargida ta duba mini shi ciki da bai.