Sa'ad da Tukunya ta Ɓaci

A unguwar Yerimaram cikin Potiskum, kamar sauran unguwanninmu, akwai mata masu dafa abincin biki da na suna domin a biya su. Bari mu ce ɗaya daga cikinsu ta karɓi kafin alƙalami, ta dafa shinkafar mutum 200 tun da asuba. Motar amarya ta yi latti, ga kuwa zafin watan Afrilu, wanda ya kan wuce digiri 40 a ƙasar Yobe. Da la'asar ta buɗe tukunya, sai ta ji shinkafa ta soma tsami. Me ya wajaba ta yi?

Zuciya za ta ce mata ta ɗumama, ta ƙara yaji, ba mai ganewa. Amma akwai wata ƙwayar cuta da ta ke tsira daga dahuwa, ta yi ta hayayyafa cikin shinkafar da aka bari da ɗumi, dafinta kuwa ɗumame ba ya kashe shi. Domin haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye, sai dai an sanyaya shi ko yana da zafi ƙwarai. Ashe mai ɓoyewa ta fanshi jarinta ke nan da lafiyar 'ya'yan maƙwabta.

Tsautsayi ba zunubi ba ne, gama ba wanda ya fi ƙarfinsa. Zunubi ya kan shigo ne a bayansa, lokacin da mu ke neman wanda za mu ɗora wa hasararmu a asirce. A bikin Kana (Yohanna sura 2) ruwan inabi ya ƙare, amma uwar Yesu ba ta rufe zancen ba, ta faɗa tun da sauran dama, taimako kuwa ya zo. Haka ya kamata mai dafuwar nan ta tafi wurin uwar biki nan da nan, ta faɗi gaskiya, ta zubar da abin da ya lalace, ta ɗora taliya ko wani abu mai saurin nuna, ta kuma rage kuɗinta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Saura abu guda. Kada ta hana 'yammatan da suka taya ta hura wuta ladansu, tana cewa yau ba riba. Littafin Firistoci 19:13 ya hana ko kwana da hakkin ɗan ƙodago. Mai cin riba ranar sa'a, ita ce mai ɗaukar hasara ranar tsautsayi. Lalle za ta koma gida da hannu wofi, mai yiwuwa da kunya kuma, amma gobe za a sake kiranta, gama an san ba ta ba mutane abin da ita ba za ta ci ba.

Tambayoyi domin bincike:
1. Idan ba wanda zai taɓa sani, ko ɓoyewar ta zama halal?
2. Tun da shi ke lattin daga masu biki ne, yaya za a raba hasarar bisa adalci?
3. Wane taimako zumuntar mata za ta iya yi wa 'yar'uwa da jarinta ya karye ta haka?