Yara Nawa Ke Kama Zakara?

Duk gidan da ake kiwon kaji an san wannan rana. Baƙo ya sauka ba zato, za a yi masa yanka, sai Inna ta leƙo daga madafi ta ce, "Auta, maza kamo mini jan zakaran nan." Yaro ya zabura, zakara ya zabura. A tsakar gidanmu akwai rumbu, kuma zakara ya fi kowa sanin amfaninsa. Da ya ga an matso sai ya shiga kewaya shi, yaro na biye, shi yana gaba, har haki ya kama yaron. Can sai Inna ta kira babban wanmu: "Kai kuma je ka tsaya ta can. Kada ka bi shi, tare kawai." Kafin tukunya ta tafasa zakara ya shiga hannu.

Na girma ina ɗauka gudu ne Auta bai da shi. Sai daga baya na fahimci cewa ko shi da zakaran gudunsu ɗaya, muddin rumbun nan na tsaye, shi kaɗai ba zai kama shi ba. Wannan magana kuwa masana lissafi sun fi shekara arba'in suna bincike a kanta.

Sun mai da abin wasa, suna kiransa ɗan sanda da ɓarawo. A zana ɗigogi a takarda, a haɗa wasunsu da layuka: ɗigo mahaɗa ce, layi hanya. Ɗan sanda ya fara zaɓar inda zai tsaya, ɓarawo ya duba shi ma ya zaɓi nasa wurin. Daga nan sai a riƙa yin bi-da-bi, kowa ya taka zuwa mahaɗar da ke maƙwabtaka da shi, ko ya tsaya inda yake. Suna ganin juna, ba wanda ya fi wani sauri. Wani Bafaranshe, Alain Quilliot, shi ya fara rubuta wasan a 1978. A 1983 Richard Nowakowski da Peter Winkler suka sake gano shi ta tasu hanyar.

In taswirar kamar bishiya take, reshe na fita daga reshe ba tare da wata hanya ta zagayo ta koma inda ta fito ba, ɗan sanda ɗaya ya isa. Ya yi ta matsowa kawai, ɓarawo zai kai ƙarshen reshe ya rasa na yi. In kuwa hanya ta yi kewaye mai mahaɗa huɗu ko fiye, to rumbun gidanmu ke nan. Ɗaya ba zai taɓa kamawa ba, biyu kuma sun wadatar, da sharaɗin su rabu, wannan ta dama wancan ta hagu. Yara biyu da ke gudu a bayan juna yaro ɗaya ne a wurin zakara.

Abin da ya fi burge ni a aikin waɗannan masana shi ne yadda suka fayyace lungu. A lissafinsu, lungu wuri ne da in ɓarawo ya shiga, akwai wata mahaɗa a kusa wadda mai tsaye a kanta ke iya cim masa da taku ɗaya, ko ya tsaya ko ya fita ta kowace ƙofa. Suka ce a goge lungun daga taswira, a sake dubawa ko wani sabo ya bayyana, shi ma a goge. In aka yi ta gogewa har ɗigo ɗaya tak ya rage, ɗan sanda ɗaya zai yi nasara. In aka cije a hanya, babu sauran lungu, ɗaya ya yi kaɗan. Tun kafin a fara gudu, fasalin wurin ya riga ya yanke hukunci. Duk matar da ta taɓa kora kaza zuwa tsakanin danga da akurki ta san wannan a aikace.

Mukan ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma karin maganar ba ta faɗi hannu nawa ake bukata ba. A 1984 Martin Aigner da abokin aikinsa Fromme suka ɗauki wannan tambaya, suka tabbatar da wani abu mai ban mamaki: duk taswirar da za a iya shimfiɗawa a takarda ba tare da wata hanya ta haye ta kan wata ba, 'yan sanda uku sun isa, ko mahaɗarta goma ce ko miliyan goma. Dabarar ita ce ainihin maganar Inna. Sun nuna cewa ɗan sanda ɗaya zai iya gadin gajeriyar hanyar da ke tsakanin wurare biyu. Ba ya bin ɓarawo. Yana kai-komo ne a kan hanyarsa daidai da motsin ɓarawon, kamar inuwa, ta yadda duk lokacin da ɓarawo ya taka wannan hanya nan take an kama shi. Biyu sai su zama danga ta ɓangare biyu, na uku ya shiga ya kafa sabuwar danga a ciki. Filin ɓarawo ya ragu, ɗaya daga cikin na farko ya samu sararin matsowa ya kafa wata. Haka ake ta yi har fili ya ƙare.

A nan ne nake ganin muna da gyara. In an kama zakara, wanda ya fito da shi a hannu ake yaba wa, wanda ya tsaya ya tare kuwa har a ce bai yi komai ba. Alhali a dabarar nan ta uku, yawancin lokaci biyu gadi suke yi. A gida ne ko a wurin aiki, an fi ganin mai zufa, mai tsare ƙofa sai ran da ya bar wurin ake sanin nauyin da ya ɗauka. Haka nan in aiki ya gagara, saurin da muke yi na cewa wane rago ne ya kamata mu rage shi, mu fara duba ko akwai rumbu a tsakiya.

Gaskiya ne tsakar gida ba takarda ba ce. Zakara na tashi sama, yana kuma iya fin yaro gudu. Masanan ma sun duba wannan: a taswira mai layuka a tsaye da a kwance irin ta dara, biyu sun isa komai faɗinta, amma da zarar ɓarawo ya fi sauri, adadin da ake bukata sai ya riƙa ƙaruwa da girman filin. Akwai kuma reshen binciken da ba a ganin wanda ake nema, wanda Torrence Parsons ya buɗe a 1976 da tambayar mutum nawa za su gano wanda ya ɓace yana yawo cikin kogo mai rassa da yawa.

Babbar tambayar har yau a buɗe take. A 1985 Henri Meyniel ya yi hasashen cewa bukatar 'yan sanda ba ta girma da saurin girman taswira: in mahaɗu suka ninku sau ɗari, iyakar abin da za a bukata sau goma kawai za ta ninku. Ba a tabbatar ba, ba a kuma rushe ba.

Ina roƙon malaman lissafi, musamman na firamare da ƙaramar sakandare, ku fitar da yara waje ku zana musu wannan a ƙasa, tsakuwa ta zama ɗan sanda, ƙwallon dabino ya zama ɓarawo. Ku fara da bishiya, ku zo kan kewaye. In sun gane, ku zana musu taswirar Petersen: ɗigo biyar a zagaye, kowanne a haɗe da na kusa da shi, tauraro mai tsini biyar a ciki, kowane tsini a haɗe da ɗigon da ke gabansa, ba a lissafa inda layukan tauraron suka gitta juna. Mahaɗarta goma ce kacal, kuma ita ce mafi ƙanƙantar taswira da 'yan sanda biyu ba sa iya kama ɓarawo a cikinta. Ku bar yaran su gano dalili da kansu.